Direba, Ka Sayi Littafin Lissafi

'Yan uwa masu motar haya da 'yan kasuwar Batsari da Safana, maganar haraji ta iso ƙofarmu. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta yafe wa kowa Naira 800,000 ta farko a shekara, kuma riba ake yi wa haraji, ba duk abin da ya shigo aljihu ba. Direban da ke jigilar buhunan hatsi daga Runka zuwa Dutsin-Ma yana da ikon cire kuɗin mai, taya, baƙin mai da ladan makanike kafin a yi masa lissafi. Kuɗin motar kanta kuwa raba shi ake yi kan shekaru. Man zuwa biki ba ya cikin abin da ake cirewa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kusan babu mai rubutawa. Makanike a bakin tasha ba ya ba da rasit, to kai ka rubuta: rana, kaya, kuɗi, ya sa hannu. Wanda ba shi da rubutu, kintace jami'in haraji zai yi masa.