Wa Ya Ce Caca Gwaninta Ce?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ɗakunan kwananmu, mu kuwa ba za mu yi shiru a kanta ba. In an cinye mutum a dara sai ya ce abokin wasansa sa'a ya taka. In kuwa shi ya ci cacar ƙwallo sau ɗaya tak, sai ya bugi ƙirji ya ce ilmin wasa gare shi. Lalle an juya gaskiya ƙafa a sama.

Ina sa'a take a dara? Gurabe 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, ba ɗan lido da za a jefa, ba karta da za a ɓoye. Wanda ya jera uku ya ɗauke maka ɗa, a gaban idonka ya shirya tarkon. Abin da dattijon bakin kasuwa ya fi mu da shi ajiya ce ta shekaru a cikin kai. Masana sun gwada haka a kan ces, watau darar Turawa mai sarki da sarauniya. Adriaan de Groot na Holan ya wallafa nasa binciken a 1946, kana Chase da Simon suka ɗora a Amurka a 1973. Sukan nuna wa gwani allo na daƙiƙa biyar, ya sake jera 'ya'yan fiye da ɗan koyo nesa ba kusa ba. Amma da aka watsa 'ya'yan barkatai, yadda ba za su taɓa zama ba a wasa na ainihi, sai fifikonsa ya kusa ɓacewa. Ashe siffofin wasa ya haddace, irin waɗanda ya gani sau dubbai.

To, wannan ƙwaƙwalwa da take yi wa mai dara hidima ita ce take yi wa ɗan caca zamba. Ranar da ya ci tana nan daram, har rigar da ya sa yana iya faɗa maka. Ranaku talatin da kuɗin abincinsa suka salwanta kuwa sun narke sun zama “jiya saura ƙiris”. Daga nan sai ya ɗauka cewa rashin da ya jera bashi ne da sa'a za ta biya. Haka aka yi a gidan cacar Monte Karlo ran 18 ga Agusta 1913: ƙwallo ta faɗa gurbin baƙi sau 26 a jere, mutane suna ta zuba dukiya a kan ja, wai lokacinsa ya yi. Faifan caca ba ya tuna abin da ya wuce, su ne suke tunawa.

Za su ce mana ai sun san ƙungiyoyi, sun san wanda ya ji rauni. Madalla. Mu ɗauka kowane wasa rabi da rabi ne, a ci ko a faɗi. Wanda ya haɗa wasanni goma a tikiti ɗaya, damarsa ɗaya ce cikin 1,024, kuma mai gidan caca ya riga ya cire ribarsa tun kafin a busa usur.

Saboda haka ga ƙalubale ga masu cewa sa'a ta fi manyan kaya. Kowannensu ya sayi littafi, ya rubuta kowace naira da ya zuba da kowace da ta dawo, daga yau har ƙarshen zango, sa'an nan ya kawo mu buga shi a wannan shafi da sunansa.