Zauren Mata: In Huta Kishiya Ta Cika Gida?

Jiya na je barka, mai jegon ba ta kai talatin ba, haihuwarta ta takwas ke nan. Na ce, "Yaya, ki ɗan huta mana." Ta ce, "In huta kishiya ta cika gida?"

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Katsina kan haifi kimanin 'ya'ya 7, ta Legas kuwa 3 zuwa 4. Can 'yan mata kan daɗe a makaranta, ga tsadar haya. Nan kuwa aure da wuri, gona na neman hannu, ga fargabar mutuwar yara, ga lissafin gado.

'Ya'ya kyautar Allah ne. Amma in uwa ta tafi wurin haihuwa, wa zai riƙe su? Kishiyar dai.

Sai fitowa ta gaba.