Zauren Iyaye Mata: Aikin Ƙari Mai Romo Da Aikin Ƙari Mai Ƙashi

 Yau maganar tamu ta fita daga kicin ta shiga wurin aiki, amma za ki ga a ƙarshe kicin ɗin take komawa.

A ƙarshen daminar da ta wuce na je gida Sanyinna, ƙaramar hukumar Tambuwal, na tarar da wata ƙanwata, 'yar ƙanen mahaifinmu, ta haɗe rai kamar an yi mata mutuwa. Jami'ar lafiya ce a wata ƙaramar cibiya a yankinmu. Na ce, "Ke kuwa lafiya?" Ta ce, "Yaya, an fitar da sunayen masu aikin rabon maganin zazzaɓi, babu sunana. Ranar Sallah ni na kwana a bakin aiki, ban ga 'ya'yana cikin kayan Sallah ba sai da yamma ta yi. Amma da aikin alawus ya zo, sai aka manta da ni."

Ba kuɗi masu yawa ba ne, amma ta riga ta lissafa su a kuɗin littattafan yara. Kuma abin da ya fi kuɗin ci mata rai shi ne wadda aka sa a gurbinta ta yi zagayen da ya gabata, ta yi wanda ya gabace shi. Tun daga ranar ta daina gaisawa da matar, alhali tare suke cin abinci a kwano ɗaya shekara da shekaru.

Uwargida, in kina aiki a asibiti, ko makaranta, ko ofishin ƙaramar hukuma, ko ma shagon ɗinki, kin san aikin ƙari iri biyu ne. Akwai mai romo, akwai mai ƙashi. Mai romo shi ne wanda kuɗi ke biyo bayansa. A yankinmu na Tambuwal da Kebbe kowa ya san su: zagayen rigakafin shan-inna, wanda har yanzu ake yi a Jihar Sakkwato duk da an tabbatar da Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020, rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, gida-gida, wata-wata a lokacin damina, tsaron jarrabawar WAEC da NECO ga malamai, taron bita a birnin Sakkwato mai kuɗin mota da na kwana. Mai ƙashi kuwa shi ne dutin dare, dutin ranar Sallah, tsayawa bayan an tashi saboda mai naƙuda ta zo ƙarfe huɗu saura, ko riƙe ajin malamar da ta tafi haihuwa. Wannan babu wanda ke rububinsa. Inda rigima ke tashi shi ne in ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To me doka ta ce? Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ce lokutan aiki ana tsayar da su ne ta hanyar yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko tsakanin ƙungiyar ma'aikata da masu ɗaukar aiki, kuma duk abin da ya haura wannan obataim ne. Ta ce wanda ya yi awa shida ko fiye a yini yana da haƙƙin hutun da bai gaza awa ɗaya ba, da hutun yini guda a cikin kowane kwana bakwai. Sashe na 54 ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini don ta shayar da jaririnta. Amma dokar ba ta yanke nawa za a biya a kan obataim ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta ta farko ta 1919 kan ma'aikatan masana'antu, ita ce ta tsayar da awa 8 a yini da awa 48 a mako, ta ce ladan awar ƙari kada ya gaza ladan awa ɗaya da rubu'i. Ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu ƙa'idojin aiki daban. Abin lura a nan shi ne, Dokar Ƙwadagon ba ta ce ga wanda za a ba aikin ƙari ba, ga wanda za a hana. Wannan an bar shi a hannun shugaban wuri da kuma al'adar da ma'aikata suka gina a tsakaninsu. A nan ne dokokin da ba a rubuta ba suke mulki.

Kin san su ai. Babba ya fara zaɓa. Wadda ta fi kusa da incaji ita ke fara jin labari. Sabuwar zuwa ta yi haƙuri, lokacinta na zuwa. Budurwa ba ta da miji ba ta da goyo, ita ce ta dare. Wadda gidanta ke kusa da wurin aiki ita ake bugo wa waya tsakar dare. Mai aikin sa-kai, wadda ba ta cikin albashi, ta yi shiru don kada a ce ta tafi. Wasu daga cikin waɗannan suna da hikima. Ba laifi a sauƙaƙa wa mai tsohon ciki, ko a duba wadda za ta hau babur ta ratsa daji kafin ta isa gida, balle a wannan zamani da hanya ba ta da tabbas bayan magariba. Amma dokar da ba a rubuta ba tana da aibi ɗaya: mai ƙarfi ne ke tuna ta, kuma yana tuna ɓangaren da ya yi masa daɗi.

Yanzu bari in gaya miki inda labarin ƙanwata ya juya, don a nan darasin yake. Da na zaunar da ita muka yi lissafi da yatsu, sai na tambaye ta, "Lokacin da kika haifi autarki, wa ya yi miki dare?" Ta yi shiru. Kusan shekara guda ba ta kwana a bakin aiki ba. Wata yarinya ce da ba ta yi aure ba ta ɗauke mata, ita da wannan matar da yanzu ba sa gaisawa. Ba ta taɓa rama musu ko dare ɗaya ba. A ranta ta ɗauka ai haka ake yi wa mai jego. Su kuma a ransu suna ganin alawus ɗin nan shi ne ladan dararen da suka kwana sauro na cizonsu. Kowacce tana riƙe da littafinta a zuci, kuma a littafin kowacce ita ake bi bashi.

Iyaye mata, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau da yawa mu ke cin moriyar sassauci, kuma mun cancance shi, don raino aiki ne. Amma sassaucin nan ba daga sama yake faɗowa ba, a wuyan wata yake sauka. Yarinyar da muke cewa ba ta da nauyi, wataƙila ita ke jinyar tsohuwarta, ko tana karatun ƙarin girma, ko ita ke ciyar da ƙannenta. Gobe kuma 'yarki ce za ta zama sabuwar zuwa a wani wurin.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne maganin ba daga waje ya zo ba. Mu Hausawa mun fi kowa sanin rabon bi-da-bi. Matan gida ɗaya sun san ranar girkin kowacce, kuma in wata ta ara wa wata rana, an san za a biya. 'Yan adashi sun san kwasar wa ke gaba, kuma uwar adashi ba ta isa ta ba 'yar ɗakinta sau biyu a jere ba. Masu gayya in sun nome gonarka yau, gobe da kai za a je ta wani. Abin da muka iya a gida da gona, me zai hana mu kai shi wurin aiki?

Ƙanwata ta je ta sami matar nan a gida, ba a wurin aiki ba, ta fara da godiyar da ta makara shekara biyu. Daga nan su biyun suka je wurin incaji tare. Aka sayo littafi mai layi, aka raba shafi biyu: hannun dama aikin romo, hannun hagu aikin ƙashi. Aka ajiye shi inda kowa zai iya buɗewa. Ba ta samu shiga zagayen da ya wuce ta ba, kuɗin littattafan yara sai da ta sayar da tunkiya. Amma a zagaye na gaba sunanta ya fito, ita kuma ta karɓi dare huɗu na yarinyar nan lokacin da ta tafi rubuta jarrabawa.

In kina son gwada wannan a naku wurin, ga abin da na tsinta.

Na farko, a haɗa romo da ƙashi a lissafi ɗaya. Wadda ta fi kwana a bakin aiki ita ta fi cancantar a fara tunawa da ita in aikin alawus ya zo.

Na biyu, a sanar da kowa lokaci ɗaya. In kuna da zauren WhatsApp na ma'aikata, a saka a can, kada labari ya bi ta kunnen mutum biyu kafin ya fito fili. A tuna da wadda wayarta ba ta intanet.

Na uku, in aiki na buƙatar horo na musamman, a faɗi haka a sarari, sannan a juya damar zuwa horon ita ma. In ba haka ba, mutum ɗaya ce za ta yi ta zama "wadda ta iya" har ta yi ritaya.

Na huɗu, sassauci ga mai ciki, mai jego da mai jinya ya kasance da farko da ƙarshe, kuma wadda aka ɗauke wa ta san sunan wadda ta ɗauka. In ba za ki iya rama dare da dare ba, ki rama da ranar Asabar, ko ki bar mata zagayenki ɗaya.

Na biyar, wadda ta ce ba za ta iya ba wannan karon, kada a cire ta gaba ɗaya, a mayar da ita ƙarshen layi. In mutum biyu sun yi daidai, a jefa ƙuri'a a gaban kowa. Ƙuri'a ba ta da 'yar ɗaki.

Ke kuma da Allah ya ba shugabanci, ko na mutum uku ne, ki sani amana ce. Wadda kika tsallake ba lallai ta yi magana ba. Za ta dai fara zuwa a makare, ta daina ɗaukar waya da dare, kuma mai naƙudar da ta zo ba ta tarar da kowa ba ita ce za ta biya.

Kafin in ajiye alƙalami, ga tambayar da nake so ki kwana da ita: wace ce ta riƙe miki aiki ranar da ɗanki ya kwana da zazzaɓi, kuma kin rama mata? In ba ki rama ba, gobe da safe ki fara da ita. Ku faɗa mana yadda ake rabon a wuraren aikinku, ba tare da kama sunan kowa ba, mu ƙaru da juna.

Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.