Tsakanin "Idan" da "Da": Nahawun Ambaliyar Haɗeja

Hausa tana da manyan hanyoyi biyu na gindaya sharaɗi. Ta farko ita ce "idan", wadda ke barin ƙofa a buɗe: idan an yashe kogi, ruwa zai sami hanya. Ta biyu ita ce "da", wadda ke zuwa sau biyu a jimla, tana bayyana abin da bai auku ba: da an yashe kogi, da gonakin Auyo ba su nutse ba. Ta farko harshen mai shiri ce, ta biyu ta mai zuwa jaje.

A sha'anin kogin Haɗeja, mun fi gwanancewa da ta biyu, alhali sanadin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, gudun kogin ya sauya. Wuraren da ke bushewa da rani suka koma riƙe ruwa, ciyawar kacala ta yi kaka-gida, ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba daga sama suka faɗo ba, domin duk shekara hukumar NIHSA tana fitar da hasashenta kafin damina ta kankama.

Ga inda nahawu ke tona asiri. "Idan" tana ɗauke da shakka, tana kuma ɗauke da tabbas. "Idan na sami kuɗi" wataƙila ce, amma "idan rana ta faɗi" lokaci kawai ake jira. Manomin shinkafa a Guri da ya ce "idan ruwa ya zo", tabbas yake nufi. A ofis kuwa sai a fassara maganarsa da shakka, a jingine aiki. Sannan a ƙara da jimlar da ba ta da mai ita: "Idan aka saki kuɗi, za a gyara jinga." Wa zai saki? Wa zai gyara? Yaushe? "Aka" da "za a" sun haɗiye amsar.

Wani zai ce gyaran jimla ba ya tare ruwa. Haka ne, amma alkawarin da ba a san mai shi ba, ba a bin bashinsa. Mu da ke rubuta takardun ofis, mu da ke yi wa mahukunta tambaya, hakkinmu ne mu ƙi karɓar duk wata "idan" da ba ta zo da sunan hukuma da ranar aiki ba. Wanda ya karɓe ta haka a watan Maris, da "da na sani" zai wayi gari a watan Satumba.