Noti 14 a Inda 6 Za Su Isa



Watan jiya injin markaɗen yayata ya tsaya. Ƙirar gida ne, wani mai walda ya haɗa shi, kuma da shi take ciyar da yaranta. Boris ne kawai ya mutu. Amma kafin mai gyara ya kai gare shi sai da ya kwance noti 14 masu girma iri huɗu, biyu daga cikinsu sifana ba ta isa wurinsu sai an kwantar da injin. Aikin rabin awa ya cinye yini, matan unguwa suka kai markaɗensu wani gida.

Ban ga laifin hannun mai waldar ba, domin aikinsa da ƙwari. Matsalar tana cikin tsarin. A ganina, wahalar haɗa na'ura da tsadarta ana yanke su ne tun ranar da aka zana ta, kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya. Kuma abin da ya fi ƙaranci a wurin maƙeranmu shi ne komawa kan zane a rage, ba ƙwarewar hannu ba.

Wannan fanni ne mai zaman kansa a ilimin injiniya. Wani farfesa ɗan Ingila, Geoffrey Boothroyd, ya fara bincike a kansa a Amurka cikin shekarun 1970, daga baya suka ci gaba tare da Peter Dewhurst. A 1991 gwamnatin Amurka ta ba su lambar yabo ta ƙasa a kan fasaha. Hanyarsu ita ce a ɗauki kowane yanki na na'ura a yi masa tambaya uku. Shin yana motsi dabam da na kusa da shi? Shin dole ne a yi shi da wani abu dabam, kamar roba a maimakon ƙarfe? Shin dole ne ya zama a ware domin a iya haɗawa ko kwancewa? Idan amsar duka ukun a'a ce, to a haɗe shi da maƙwabcinsa ko a cire shi. Yankin da babu shi ba a sayensa, ba a ɗaure shi, ba ya ɓata, ba ya karyewa.

Kamfanin IBM ya gwada haka a 1985 da firintarsa mai suna Proprinter. An tsara ta ne don mutum-mutumi ya haɗa, shi ya sa aka kore sukuru, aka yi sassan suna shiga juna su kama da kansu. Sai aka ga ashe mutum ma yana haɗa ta da hannu cikin kimanin minti 3. Sauƙin da aka yi wa inji ya amfani mutum.

Na san wani zai ce rage sassa yana da illa, kuma yana da gaskiya. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta gina jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710, ta hanyar yin walda a maimakon ɗinke faranta da ƙusoshi. An samu sauri, amma wasu suka tsage a ruwan sanyi, domin ƙarfen yana yin gautsi, kuma tsaga a jikin da aka walde ba ta samun inda za ta tsaya. Haka kuma duk mun ga kayan zamani da aka liƙe da gam, in abu ɗaya ya lalace sai a yar da duka. A wurinmu, inda na'ura ke rayuwa da hannun mai gyara, wannan asara ce.

Sai dai tambaya ta uku ta riga ta amsa wannan. Boris da bel, da duk abin da ke cinyewa, a bar su a ware, a inda hannu ke kai wa. Sauran kuma a rage. Da injin yayata noti 6 ne masu girma ɗaya, da maƙerin ya haɗa biyu a lokacin da yake haɗa ɗaya, da mai gyara ya zo da sifana guda.

Duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya san akwai basira. Abin da nake fata shi ne bayan maƙeri ya gama na farko, ya zauna ya ƙirga sassan kafin ya fara na biyu. Mu kuma marubuta, mu riƙa shiga irin waɗannan wurare da biro, mu tambayi masu gyara wane inji ke ba su wahala, mu rubuta da Hausar da maƙerin zai karanta.

Allah Ya sa mu dace.