Shata, Mawaƙi Kuma Jagoran Makaɗa

A Turai ana jinjina wa Plácido Domingo don ya haɗa waƙa da jagorancin makaɗa. Mamman Shata na Musawa ya yi haka shekara da shekaru: shi ke ba da waƙa, shi ke juya masu kalangu da 'yan amshi, ba takarda a gabansa.

Zariya ta shaida. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Sai dai a unguwannin malamai na Zariya irin Limancin Kona, har yau wasu na kallon makaɗi a matsayin maroƙi kawai, kuma an tauye shi. Ɗalibin da ke karatun aruli a zauren malam zai ƙaru sosai da waƙar Bakandamiya ta Shata in aka bar shi ya saurara.