MAKARANTAR LAHADI BA WURIN AJIYE YARA BA NE



Akwai wani abin kunya da muka saba da shi. Ran Lahadi manya suna cikin majami'a a kan benci, yara kuwa an kora su gindin bishiya, an haɗa su da wata yarinya da bulala a hannu. Aikinta shi ne ta hana su surutu. Su maimaita aya sau goma, a karɓi baiko, a tashi. Wannan muke kira koyarwa?

Ku tuna inda muke zaune. A makarantun gwamnati da yawa na yankunanmu babu malamin addinin Kirista. 'Ya'yan maƙwabtanmu suna zuwa makarantar allo da Islamiyya kusan kullum, ba mu kuwa ga laifinsu ba, sun san darajar abin da suke da shi. Mako yana da awa 168, namu yaran awa 1 muke ba su, ita ma muna wasa da ita.

Wasu dattawa suna cewa wasan kwaikwayo da zane ba su dace da gidan Allah ba. To, da me Yesu ya koyar? Da mai shuka, da tunkiyar da ta ɓata, da yisti cikin gari. A Markus sura 10, almajiran da suka kori yara su ne suka sha tsautawa.

Wasu kuma su ce babu kuɗi. Nawa ne kuɗin yumɓu? Yaran da suke ƙera mota da kara za su iya ƙera jirgin Nuhu, su gina dabbobinsa. A ba su gwangwani uku, ɗaya da tsakuwa, ɗaya da ƙaya, ɗaya da ƙasa mai kyau, su shuka gero, su duba bayan mako biyu. Su kwaikwayi Basamariye, su riƙe majajjawa irin ta Dauda. A koyar da harshen da suke ji a gida. Haddar aya tana da kyau, amma a fara bayyana ma'anarta.

Robert Raikes ya buɗe makarantar Lahadi a Ingila a 1780 domin yaran talakawa, ya ɗauki malamai yana biyansu. Mu ma majalisar dattawa ta ware wa yara kaso cikin baiko, ta zaɓi ƙwararrun malamai, fasto da kansa ya riƙa shiga ajin.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ikilisiyar da ta bar 'ya'yanta a gindin bishiya, gobe wa zai zauna a kan bencin?

Ubangiji ya taimake mu. Amin.